Koyar da ilimin yanayi da manhajar taswira ga ɗaliban da ba 'yan kimiyya ba: amsa ga wata malama a Jos

Tambaya: "An ba ni darasin share fage na ilimin yanayi a wata kwaleji a nan Jos. Ɗalibaina 'yan sashen harsuna ne da tarihi da aikin jarida, yawancinsu rabonsu da lissafi tun sakandare. An ba ni shawarar in riƙa amfani da manhajojin nan masu nuna iska da gajimare a kan taswira. Suna da amfani kuwa, ko ado ne kawai? Da wacce zan fara?"

Malama, suna da amfani ƙwarai, ga irin ɗaliban da kika ambata ma sun fi amfani, domin abin da ɗan kimiyya zai gane ta hanyar lissafi, su da ido za su kama shi. Sai dai akwai sharaɗi guda da ba na so ki yi wasa da shi: kada ɗalibi ya kalli allo sai ya riga ya rubuta a takarda abin da yake tsammanin zai gani. Ya yi hasashe tukuna, sannan ya duba, sannan ya faɗi abin da ya sa ya dace ko ya kuskure. In kika riƙe wannan, ko waya ɗaya ce a ajin za a ƙaru. In kika sake shi, ko ɗakin kwamfuta guda aka ba ki, kallo kawai za a sha a watse.

Dalili kuwa, kyawun hotunan nan yana ruɗin mutum. Ranar da kika fara buɗe earth.nullschool.net a majigi, duniya ta fito da zare-zaren iska suna kwarara a kanta, ajin zai yi tsit, har masu hira a baya za su miƙo wuya. Kowa zai ji a ransa ya gane. Amma ki kashe majigin ki tambaya daga wane ɓangare iska ke busowa a kan Jos a hoton da aka gani yanzu, kaɗan ne za su amsa. Ido ya sha kallo, sai dai ba a shiga da tambaya ba, shi ya sa ba a fito da amsa ba.

Tambayoyin kuwa ba sai kin ƙirƙiro su ba, ɗalibanki sun zo da su daga gida. Sun san hadari daga gabas yake tasowa. Sun san zuwan shamuwa na nufin damina ta kusa. Sun san yadda leɓe ke fashewa da hunturu, da yadda wanki ke bushewa kafin azahar a watan Janairu amma ya kwana a igiya da danshinsa a lokacin marka. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne kallon waɗannan abubuwa daga sama, da sanin cewa iska hawa-hawa ce, ta ƙasa daban ta sama daban. Wannan giɓin ne manhaja ke cikewa. Saboda haka ina roƙonki kada ki bi tsarin littattafan da aka rubuta don Ingila ko Amurka, waɗanda ke farawa da karon iska mai sanyi da mai ɗumi da zagayayyun layukan nauyin iska. Wannan yanayin ƙasashensu ne. A nan kusa da tsakiyar duniya nauyin iska ba ya wani sauyawa sosai daga yau zuwa gobe, abin da ke juya mana shekara shi ne inda iska ta fito da yawan danshin da ta ɗauko.

Ga yadda zan tsara darasin farko in ni ne. Ki raba musu taswirar Afirka ta Yamma wadda babu komai a kanta sai iyakoki, kowa kwafi biyu. A ɗaya su rubuta Janairu, a ɗaya Agusta, su zana kibiyoyin da ke nuna inda suke ganin iska ke fitowa. Za su yi gardama, ki bar su su yi. Bayan nan sai ki buɗe nullschool, domin ita tana ba da damar komawa kwanakin baya. Ki zaɓi wata rana a tsakiyar Janairu, a matakin iskar da ke kusa da ƙasa. Za su ga iska na gangarowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, ta ratsa Nijar da Borno da Kano da Filato har ta kusa bakin teku. Ki koma tsakiyar Agusta. Yanzu iskar daga tekun Atlantika take shigowa ta kudu maso yamma, ta mamaye Najeriya gaba ɗaya, ta wuce Damagaram har can wajen Agadas. Sai ki ce su nuna da yatsa inda iskokin biyu suka haɗu a kowane hoto. Wannan layin shi ne masana ke taƙaita sunansa da ITD. A Janairu yana kusa da gaɓar teku, a Agusta yana kaiwa wajen digiri 20 arewa da tsakiyar duniya, kuma kai-komonsa shi ne kalandar noman ƙasar Hausa baki ɗaya. Jos tana wajen digiri 10, Kano tana 12, don haka layin yana ratsa Jos kafin Kano in zai hau, ya kuma baro Kano kafin Jos in zai sauko. Da wannan kaɗai ɗalibi ya gano da kansa abin da ya sa daminar Jos ke kamawa tun Afrilu ta kai Oktoba, ta Kano kuwa gajera ce.

Ki ja hankalinsu kan wani abu ƙarami a hoton Agusta: a kudancin tsakiyar duniya iskar daga kudu maso gabas take tahowa, tana ƙetarowa sai ta lanƙwasa ta koma ta kudu maso yamma. Juyawar duniya ce ke lanƙwasa ta. Ba su buƙatar lissafin, sun ga abin da idonsu. In kina son layin ya fito ƙarara, ki buɗe manhajar Windy ki zaɓi shafin da ke nuna matakin sanyin da raɓa ke fara sauka. Masu hasashe a yankinmu kan bi layin digiri 15 na ma'aunin Salsiyas a wannan shafin don sanin inda ITD take: kudu da shi iska mai laima, arewa da shi busasshiya.

Darasi na biyu shi ne wanda na fi so, kuma a nan ne manhaja ke yin abin da alli da allo ba za su iya ba. Ki tambaye su: tunda mun ga iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa hadari ke tasowa daga gabas? Ki ba su lokaci. Wani zai ce taswirar ce ta yi kuskure, wani zai ce tsofaffi ne ba su lura da kyau ba. Duka biyun ba haka ba ne. Ki bar hoton a kan Agusta, ki canja tsawo kawai, daga ƙasa zuwa matakin da aka rubuta 700 (lambar nauyin iska ce, tana raguwa in an hau sama), wato kimanin kilomita 3 a sama. Nan take zare-zaren za su juya. A wannan tsawon akwai wata iska mai ƙarfi da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma, gudunta kan kai kilomita 40 a awa ɗaya ko fiye. Iskar ƙasa ita ke kawo danshin daga teku, amma gajimaren hadari dogo ne, kansa kan kai kilomita 15 a sama, don haka iskar tsakiya ce ke tura shi, ita kuwa yamma ta nufa. Abin da kakanninsu suka faɗa daidai ne, abin da taswira ta nuna ma daidai ne, kowanne hawa daban yake magana a kai. Ɗalibin tarihi da ya ga wannan juyawar sau ɗaya ba zai manta ba.

Daga nan sai ki kai su ga hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda hukumar EUMETSAT ta Turai ke gudanarwa. Yana tsaye ne a kan mashigin tekun Gini, kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, kuma mun yi sa'a Najeriya na kusan tsakiyar abin da yake hange. Tsofaffin taurarin suna ɗaukar hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuwa duk minti 10. Ana samun hotunan kyauta a shafinsu na EUMETView. Ki zaɓi hoton da ke auna zafi maimakon hasken rana, domin shi yana aiki dare da rana. Ki bayyana musu ƙa'ida ɗaya tak: iya tsawon gajimare, iya sanyin kansa, saboda haka wurin da ya fi sanyi a hoton nan ne hadari ya fi girma, kan irin wannan gajimare yana sauka ƙasa da digiri 70 a ƙarƙashin sifiri. Sai ki jera hotunan wata ranar Mayu ko Yuni daga hantsi zuwa tsakar dare ki bar su su gudana. Da hantsi sararin Filato fes. Bayan azahar sai ɗan ɗigo ya bayyana a kan tudun, ya kumbura, kafin la'asar sakaliya ya zama dunƙule babba, ya kama hanyar yamma. Wanda ya tashi a kanmu da la'asar yana iya isa yankin Abuja ko kudancin Kaduna bayan isha'i. Tudun Jos na cikin wuraren da aka san manyan hadarurrukan Afirka ta Yamma na ƙyanƙyashewa, tare da duwatsun Kamaru da na Azbin, domin tudu yana ɗumama da rana ya kuma tilasta wa iska mai laima hawa sama. Ɗalibanki suna zaune ne a kan ɗaya daga cikin wuraren da ruwan wasu jihohi ke farowa, kuma ya kamata su san haka.

Hunturu ya fi sauƙin koyarwa. Ki buɗe Worldview na hukumar NASA, wanda ke ajiye da hotunan kowace rana tun daga shekarar 2000. Ki nufi arewacin Chadi a watan Disamba ko Janairu, ki nemi kwarin Bodele. Busasshen gindin wani tsohon babban tafki ne, ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta ƙara gudu, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. A hoton za a ga farin harshe ya miƙo ya nufo tafkin Chadi. Ki matsa gaba kwana ɗaya, kwana biyu, su bi shi da ido har ya rufe Maiduguri da Kano ya iso mana, tafiyar fiye da kilomita dubu. A EUMETView akwai wani haɗin launi na musamman don ƙura, inda take fitowa da ruwan hoda mai haske ko da dare ne. Aikin gida a nan a bayyane yake: duk wanda ya ga harshen ƙura ya tashi, ya rubuta ranar da yake ganin hazo zai sauka a Jos, sannan a jira a ga ko duwatsun Shere za su ɓace daga gani a ranar.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman wanda in ba ki faɗa musu ba zai rikita su. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. Nauyin iska a nan yana wajen 880 ne, ba 1,000 da 'yan kai irin na bakin teku ba, don haka matakin da manhaja ta rubuta 1000 a ƙarƙashin ƙafafunmu yake, ƙiyasi ne kawai kwamfuta ta cike gurbin da shi. In ana son iskar da ke saman garin kaɗan, matakin 850 za a duba. Wannan tsawon ne kuma ke ba mu sanyi. A matsakaici zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da aka hau, kuma Jos ta ɗara Abuja da mita ɗari bakwai zuwa takwas, ka ga bambancin digiri biyar ke nan ko kusa da haka. Duk wanda ya taɓa hawowa ta Hawan Kibo daga Akwanga ya ji lokacin da fasinjoji ke fara ɗaga gilashin mota. Shi ne dalilin da dankalin turawa ke yi a Bokkos da Mangu ya ƙi yi a Lafiya. Wannan ne kaɗai lissafin da zan tilasta musu, kuma ninkawa ce kawai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yawancin abin da Windy da nullschool da Ventusky ke nunawa ba awo ba ne, lissafin kwamfuta ne. Hoton Meteosat abu ne da na'ura ta gani. Zare-zaren iskar nan da launukan ruwan gobe kuwa ƙiyasi ne da manyan kwamfutoci suka fitar, irin GFS na Amurka da ake sabuntawa sau huɗu a rana, da ECMWF na ƙasashen Turai. A allo duka biyun suna fitowa da kyau iri ɗaya, ɗalibi ba zai bambance ba sai an koya masa. Ni a ganina, in ɗalibin aikin jarida ya fita daga ajinki da ɗabi'ar tambayar "wannan an auna ne ko an ƙiyasta?" to darasin ya biya kuɗinsa, ko da ya manta sunayen gajimare duka.

Ki nuna musu yadda ƙiyasin ke aiki. Kwamfuta na yanka sararin sama gida-gida, ta ba kowane gida lamba ɗaya ta zafi, ɗaya ta danshi, ɗaya ta iska. Gidan ECMWF kimanin kilomita 9 ne kowace kusurwa, na GFS ya fi haka faɗi. Kamar rariya ce: duk abin da ya fi raminta ƙanƙanta zubewa yake yi. Hadarin da zai jiƙa Bukuru ya bar Farin Gada a bushe yana cikin abin da ke zubewa. Shi ya sa manhajar ke iya gaya miki cewa yau akwai laima da yanayin tashin hadari a yankin, amma ba ta iya rantsuwa a kan wace unguwa zai sauka ko ƙarfe nawa. Windy na da wurin kwatanta ƙiyasi daban-daban na gari ɗaya. Ki sa su duba ruwan da GFS da ECMWF suka ce za a yi a Jos gobe, da na bayan kwana bakwai. Na gobe sukan yi kusa da juna, na kwana bakwai sau da yawa kowa da inda ya dosa.

Sannan ki fitar da su daga allo. Kowace ƙungiya ta sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a ajiye shi a fili nesa da rufi da bishiya, a auna zurfin ruwan da rula kowace safiya a lokaci ɗaya. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Masu zama a Naraguta da masu zuwa daga Bukuru da na Unguwar Rogo duk su kawo nasu, a jera a allo gefen abin da manhaja ta yi hasashe jiya. Mako biyu na wannan aikin zai koya musu ƙarfin hasashe da iyakarsa fiye da duk bayanin da za ki yi. Zai kuma hana su faɗawa ɗaya ramin, wato raina hasashe gaba ɗaya. In an ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin ɗari ce, ba a yi ba, ba ƙarya aka yi ba: a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, ana sa ran huɗu za su wuce a bushe.

Game da manyan manhajoji irin IDV ta cibiyar Unidata da ke Amurka, ko Panoply ta NASA, kyauta ne kuma suna da ƙarfi, amma na malami ne. Ɗalibin da ba ɗan kimiyya ba zai ƙarar da zangon karatu yana fama da maɓallai. Ke ki koyi IDV in kina da hali, don abu ɗaya da ta fi sauran iyawa: yanka sararin sama a tsaye. Ki yanko daga Legas zuwa Agadas a watan Yuli, ki ajiye hoton. Za su ga iska mai laima tana da kauri a kudu, tana sirancewa yayin da ta nufi arewa, busasshiya na kwance a kanta. Daga nan za su gane abin da ya sa ruwa mai yawa ba a kan layin ITD yake sauka ba, sai ɗaruruwan kilomita kudu da shi.

Wuta da data kuwa, kada ki dogara da su a cikin aji. Ki sauke hotunan tun daren jiya, ki tura su zauren WhatsApp na ajin, a zauna uku-uku a kan waya ɗaya. Zaman uku-ukun ma ya fi, domin dole su yi magana. Ki koya musu karanta ma'aunin launi kafin kallon taswira, saboda ja a wannan shafi zafi ne, a wancan kuma ruwa mai yawa. Ki kuma tuna musu cewa agogon da ke kan yawancin hotunan tauraron ɗan'adam na UTC ne, wato agogon bai ɗaya na duniya, sai an ƙara awa ɗaya ya zama lokacin Najeriya.

Wajen jarrabawa, ki guji tambayar "kawo ma'anar kaza". Ki ba su hoton iska da aka goge kwanan watansa, su faɗi wane lokaci ne na shekara da hujjojinsu biyu. Ki ba su hotunan Meteosat uku a jere, su faɗi garin da hadarin zai isa nan da awa uku. 'Yan jarida da 'yan harsuna kuma ki ba su hasashen damina na shekara da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke fitarwa daga Abuja a farkon kowace shekara, wanda ke ɗauke da lokacin da ake sa ran faruwar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Su ɗauki na Filato su mayar da shi sanarwar rediyo ta minti ɗaya da Hausa, wadda manomin dankali a Bokkos zai ji ya san ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya dakata. Ki rage maki ga duk wanda ya mayar da "ana sa ran" ya koma "za a yi", ki kuma ƙara ga wanda ya faɗi a sanarwar daga wace hukuma hasashen ya fito.